Daga ciyawar gefen hanya zuwa geron Damargu: yadda ƙasashe suka haɗu suka karanta kundin gadon tsirrai

A gonakin rafi na Tahifet, gabas da Tamanrasset, da na sauran ƙauyukan duwatsun Ahaggar, ana shuka alkama lokacin sanyi, a shuka gero lokacin zafi, duka da ban-ruwa. Ruwan saman da ke sauka a Tamanrasset a shekara guda bai cika wuce milimita 50 ba, kuma abin da waɗannan gonaki ke bayarwa ba ya kai jama'a ƙarshen shekara. Shi ya sa tun zamanin kakanni Abzinawan Ahaggar ke ɗora wa raƙuma gishirin Amadghor su nausa kudu, su musanya shi da hatsi a Damargu, cikin jihar Damagaram ta yau. Yanzu manyan motoci sun maye gurbin raƙuma, amma Bahaushen da ke zaune a Tamanrasset ko In Guezzam, idan ya yi marmarin fura ko kunun tsamiya, da noman kudu yake dogara.

Wannan gero yana cikin tsirran da masana suka karance kundin gadonsu harafi bayan harafi. An bayyana sakamakon a watan Satumba na 2017, bayan aikin masana 65 daga cibiyoyin bincike 30 na Asiya da Afirka da Turai da Amurka. Sai dai hanyar da suka bi an share ta ne shekaru 17 kafin nan, da wata 'yar ciyawa wadda ba a ci, ba a sayarwa. Labarin ayyukan biyu ya shafe mu, domin ba ƙasar da ta iya yinsu ita kaɗai, kuma abin da aka gano game da gero ya nuna cewa ba ƙasar Sahel da za ta iya tsare irinta ita kaɗai.

Mene ne kundin gado?

Kowane manomi ya san cewa iri ba ya ƙarya. Wanda ya shuka zango zai ga doguwar zangarniya, wanda ya shuka maiwa zai jira har bayan gero ya shiga rumbu. Abin da ke sa tsiro ya ɗauko halin iyayensa rubutu ne da ke naɗe a cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikinsa, waɗanda ido ba ya gani. Sinadarin da aka yi rubutun da shi ana kiransa DNA, kuma haruffansa huɗu ne kacal: A, T, G da C. Yadda haruffan suka jeru shi ke faɗa wa tsiro tsawon da zai yi, da lokacin da zai fitar da kai, da yadda zai yi idan ruwa ya ɗauke.

Dukan rubutun da ke cikin tsiro guda shi ne Faransanci ke kira génome. A nan za mu kira shi kundin gado. Kundin ya kasu babi-babi, kowane babi sunansa kuromozom. A cikin babi akwai jimloli masu ɗauke da umarni, kowace da aikinta. Su ne ƙwayoyin gado. Tsakanin jimlolin kuma akwai dogon rubutu mai yawan maimaita kansa.

Wahalar karatun ita ce na'urorin shekarun 1990, masu aiki da dabarar da Bature ɗan Ingila Frederick Sanger ya fito da ita a 1977, ba sa iya karanta fiye da haruffa ɗari biyar zuwa dubu a zama ɗaya. Dole a daddatsa DNA gutsure-gutsure, a karanta kowane gutsure, sannan kwamfuta ta nemo inda ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan ta haɗa su. Kamar a ɗauki kwafi goma na littafi guda a yayyaga, a zuba takardun cikin buhu, a ce wa mutum ya mayar da littafin yadda yake. Idan littafin ƙarami ne, aikin zai yiwu. Idan babba ne, kuma shafuka da yawa iri ɗaya ne, sai an sha wuya.

Me ya sa aka fara da ciyawa?

Ciyawar da aka zaɓa sunanta Arabidopsis thaliana, Faransawa na ce mata arabette des dames. Dangin kabeji ce, tsawonta bai cika wuce taƙi guda ba, tana fitowa a gefen hanya da kan duwatsu a Turai da Asiya da wasu sassan Afirka, har da duwatsun Maroko. Wani masani Bajamushe, Friedrich Laibach, ya ba da shawara tun 1943 cewa a mayar da ita abin gwaji, yadda likitoci ke gwaji da ɓera.

Dalilansa masu sauƙi ne. Daga shuka zuwa sabon iri makonni shida zuwa takwas ne, don haka mai bincike zai ga jikoki da tattaɓa-kunne cikin shekara guda, alhali mai binciken gero a gonar damina sau ɗaya yake girbi. Tsiro guda yana ba da iri dubbai. Ana iya shuka ɗaruruwa a kan tebur ɗaya. Tana yi wa kanta barbara, saboda haka 'ya'yanta ba sa gauraya da na maƙwabta. Babban dalilin kuma shi ne kundinta ƙarami ne: babi biyar, haruffa kimanin miliyan 125. Da mutum zai zauna yana karanta harafi ɗaya a kowane sakan, ba barci ba hutu, zai gama cikin kusan shekaru huɗu. Na gero zai ci masa shekaru 57.

Akwai kuma hujjar da ta sa aikin ya zama na kowa. Tsirrai masu fure duka dangi ne na nesa. Ƙwayar gadon da ke sa ciyawar nan ta gane hasken rana, ko ta miƙa saiwa ƙasa, galibi tana da 'yar'uwa a cikin shinkafa da wake da gero. Wanda ya gane aikinta a ƙaramin tsiro ya san inda zai duba a babba.

Yadda aka raba aikin

A 1996 cibiyoyin bincike na Japan da Turai da Amurka suka kafa wata haɗaka da ake taƙaita sunanta AGI, suka raba babi biyar ɗin a tsakaninsu don kada biyu su ɓata kuɗi a kan yanki ɗaya. Cibiyar Kazusa ta Japan ta ɗauki manyan sassa na babi na 3 da na 5. Cibiyar Genoscope da ke Evry, kusa da birnin Paris, ta jagoranci ɗakunan binciken Turai a kan babi na 3. Wata ƙungiyar ɗakunan bincike ta Tarayyar Turai ta yi aiki a kan babi na 4 da na 5 tare da cibiyar Cold Spring Harbor da wata jami'a ta birnin St. Louis a Amurka. Cibiyar TIGR ta Amurka ta karanta babi na 2, sannan ta haɗu da jami'o'in Stanford da Pennsylvania da wata cibiya ta California a kan babi na 1.

Sun amince a kan abubuwa biyu da suka zama al'ada daga baya. Na farko, kowa zai yi aiki da iri ɗaya tak, wanda ake kira Columbia, don gutsuren da aka karanta a Japan ya dace da wanda aka karanta a Faransa. Na biyu, duk abin da aka karanta za a zuba shi a rumbunan bayanai na intanet da kowa ke shiga kyauta, ba tare da jiran a gama ba.

An tsara gama aikin a 2004, sai ya ƙare da wuri. Babi na 2 da na 4 sun fito a Disamba 1999. Ranar 14 ga Disamba 2000 mujallar Nature ta buga cikakken sakamako: ƙwayoyin gado 25,498. Gyare-gyaren da aka yi daga baya sun kai adadin sama da 27,000. Wannan shi ne tsiro na farko a duniya da aka karance kundinsa.

Layi ya zo kan abinci

Shinkafa ce ta biyo baya. Haɗakar ƙasashe goma ƙarƙashin jagorancin Japan ta fara aiki a 1998, ta gama a 2005, da haruffa miliyan 389. A nan ne aka fara ganin ja-in-ja tsakanin ilimin kowa da na kamfani: a 2002 kamfanin Syngenta ya buga nasa karatun shinkafa amma bai zuba bayanan a rumbun kowa ba, abin da ya jawo ƙorafin masana da yawa.

Daga nan sababbin na'urori suka fito masu karanta miliyoyin gutsure lokaci guda, kuɗin aikin ya faɗi warwas. An karanta dawa da masara a 2009. An karanta dabino a Katar a 2011. Alkama, wadda kundinta ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, sai 2018 aka kammala ta. Wake ya fito a 2019 ƙarƙashin jagorancin jami'ar California da ke Riverside, kuma irin da aka karanta namu ne: IT97K-499-35, wanda cibiyar IITA ta samar a Najeriya, aka sake shi ga manoma da sunan SAMPEA 10, mai jure ƙuduji. Wata haɗaka da aka kafa a 2011 domin tsirran Afirka 101 da bincike ya yi watsi da su ta fitar da kundin gawo da ɗanya da zogale da gurjiya. Acca ta samu nata a 2020.

Jerin shekarun kansa yana magana. Amfanin gonar da ke da kasuwa a ƙasashe masu arziki shi aka fara karantawa. Gero, wanda mutane sama da miliyan 90 a Afirka da Indiya ke rayuwa da shi, ya jira shekaru takwas bayan masara.

Abin da aka samu a cikin gero

Cibiyoyi uku ne suka ja ragamar aikin gero. Akwai ICRISAT, cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa da aka kafa a 1972 kusa da Hyderabad a Indiya, wadda ke da babbar tasha a Sadore, kimanin kilomita 40 kudu da Yamai, da ofishi a Kano. Akwai BGI ta birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai tarin na'urorin karatu. Akwai IRD ta Faransa, wadda masananta suka daɗe suna tattara irin hatsi a Sahel. Rajeev Varshney na ICRISAT shi ne jagora, tare da Yves Vigouroux na IRD. Cibiyar ISRA ta Senegal na cikin abokan aikin.

Gero ya fi ciyawar Arabidopsis wuyar sha'ani ta fuska biyu. Kundinsa yana da babi bakwai da haruffa kusan biliyan 1.8, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na rubutun maimaici ne. Sannan iska ce ke ɗaukar bununinsa daga wannan zangarniya zuwa waccan, don haka a gona guda da wuya a sami tsiro biyu masu gado iri ɗaya. Saboda haka aka zaɓi wani iri da aka daɗe ana tace shi a garin Tifton na jihar Georgia a Amurka har ya zama bai ɗaya, aka mayar da shi ma'auni. An ƙirga ƙwayoyin gado 38,579. Bayan haka aka karanta wasu ire-ire 994, har da 31 na geron daji, aka gwada su da ma'aunin don a ga inda suka bambanta. Sakamakon ya fito a mujallar Nature Biotechnology.

Abu ɗaya da ya ja hankali shi ne gero yana da ƙwayoyin gado masu yawa da ke da hannu wajen yin kakin da ke lulluɓe ganye da kara. Masanan sun yi hasashen cewa wannan kaki yana cikin abin da ke rage masa asarar ruwa, ya sa yake iya yin tsaba a zafin da ya kai digiri 42, inda shinkafa da masara da alkama ke gazawa. A 2023 wasu masana ƙarƙashin jagorancin jami'ar noma ta Sichuan a Sin suka sake karanta ire-iren gero goma da sababbin na'urori, suka ƙara haske a kan yadda yake jure zafi.

Inda ciyawa ta haɗu da gonar Nijar

Mai karatu zai iya tambaya: to ina ruwan manomin Tanout ko Dakoro da ciyawar Turai? Ga misali ɗaya.

Tsirrai suna gane haske da wasu sinadarai, kuma a jikin Arabidopsis aka tantance ƙwayoyin gado biyar da ke yin su. Ɗaya daga ciki sunanta PHYC, an kuma ga tana da hannu a lokacin fitar fure. Da wannan sani, wani ɗan Nijar mai suna Abdoul-Aziz Saïdou da abokan aikinsa na IRD suka nemi 'yar'uwarta a cikin gero. A 2009 suka nuna cewa PHYC tana da nau'i fiye da ɗaya a geron Afirka ta Yamma, kuma wani nau'in yana tafiya da saurin fitar da kai da gajeriyar zangarniya.

Sai aka koma rumbun ajiya. A 1976, jim kaɗan bayan babban farin 1973 da 1974, masana sun zaga ƙauyukan Nijar sun karɓi samfurin iri daga hannun manoma. A 2003 aka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu aka sake karɓa. Aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Sunayen ire-iren ba su canza sosai ba, amma hatsin 2003 ya fi saurin nuna, ya fi gajarta, zangarniyarsa ta ragu. Nau'in PHYC mai saurin fure ya tashi daga kashi 9.9 cikin ɗari zuwa kashi 18.3. An buga wannan a 2011.

Ma'anarsa ita ce cikin shekaru 27 na gajerun damuna, hatsin Nijar ya sauya kansa a hannun manoma. Duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, zangarniyar da ta riga ta nuna ita ke tsira, ita kuma ake ɗaurewa a ajiye don iri. Ba wanda ya zo da wannan daga waje. Abin da binciken ya yi shi ne ya nuna wurin da canjin ya faru a cikin kundin.

Hanyar tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Manoma sun san asarar shukar farko: a yi ruwa, a shuka, sai sama ta yi shiru kwana ashirin, tsiro ya ƙone. Masanan IRD da na Senegal sun lura cewa geron da ke saurin zura saiwarsa ta farko cikin ƙasa ya fi tsira, suka yi amfani da kundin 2017 suka kai ga wata ƙwayar gado da suke zargi. Don su tabbatar da aikinta, sai suka koma ga Arabidopsis, suka duba tsirran da 'yar'uwar wannan ƙwaya ta lalace a jikinsu, suka ga saiwarsu ba ta girma yadda ya kamata. Sakamakon ya fito a 2024.

Asalin gero a Sahara yake

Kundin ya kuma ba da labarin tarihi. A 2018 Concetta Burgarella da abokan aikinta suka kwatanta gadon ire-iren gero 221, na gida da na daji. Lissafinsu ya nuna cewa a yammacin Sahara aka fara mayar da gero abin nomawa, wajen arewacin Mali da Muritaniya na yau, kuma ya fara bazuwa kimanin shekaru 4,900 da suka wuce. Wannan ya dace da abin da masu tonon kayan tarihi suka samu a kwarin Tilemsi, arewa da Gao: ɓurɓushin geron gida a jikin tsofaffin tukwane.

A wancan zamani Sahara na da tafkuna da makiyaya, kamar yadda zanen shanu a duwatsun Tassili n'Ajjer ke shaida. Da ƙasa ta bushe, mutane suka yi kudu da irinsu. A kan hanya geron gida ya riƙa gauraya da na daji, abin da ya ƙara masa yawan bambanci. Shibrar da manomi ke tsinkewa a gonarsa alama ce cewa wannan cuɗanya ba ta tsaya ba. Daga Afirka gero ya kai Indiya fiye da shekaru 3,000 da suka wuce.

Me manomi zai samu?

Ya kamata a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Karanta kundin gado daban, sa wa tsiro baƙuwar ƙwayar gado daban. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar IAR ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019 yana cikin kashi na biyu: an sa masa ƙwayar gado daga wata bakteriya don ta kashe tsutsar da ke cin furen wake da kwansonsa. Aikin gero na 2017 karatu ne kawai, ba a ƙara wa gero komai ba.

Amfanin karatun yana wajen mai samar da sabon iri. A da, idan ya haɗa iri biyu, sai ya shuka 'ya'yan ya jira kaka kafin ya san wanda ya gaji halin da yake nema, kuma sabon iri kan ci shekaru goma ko fiye. Idan an san wurin halin a cikin kundi, sai a tsinki ɗan ganye daga tsiro mai makonni biyu, a gwada a ɗakin bincike, a ajiye masu halin, a watsar da sauran. Indiya ta gwada wannan dabara tun kafin a sami cikakken kundi: a 2005 ta saki wani gero da aka ƙarfafa ta wannan hanya don ya jure cutar da ke mayar da zangarniya ganye. Cikakken kundi yana sa a iya yin haka da halaye da yawa lokaci guda.

Amma kada a zuzuta. Nijar na noma gero a kusan hekta miliyan 7, kuma abin da hekta ke bayarwa bai cika wuce rabin tan ba. Gajiyar ƙasa da tsadar taki da ƙuduji da tsutsar zangarniya ba sa jiran sakamakon bincike. Irin CHAKTI mai yawan sinadarin ƙarfe, wanda ICRISAT da INRAN suka saki a Nijar a 2018, mai nuna cikin kwana 65, da tsohuwar hanyar zaɓen iri aka samar da shi. Haka HKP da SOSAT da manoma suka daɗe da sani. Mafi yawan manoma kuma har yau irin da suka ajiye da hannunsu suke shukawa, ko wanda suka saya a kasuwar ƙauye. Sabon iri, komai kyansa, sai ya kai wannan kasuwa kafin ya yi amfani.

Ilimin na wa ne?

Irin da aka karɓa a 1976 kyauta manoma suka bayar. Rumbun ICRISAT kaɗai yana ajiye da samfurin gero sama da 20,000 daga ƙasashe da dama. Yanzu da bayanan gadonsu ke intanet, kamfanin iri a kowace nahiya zai iya amfani da su ba tare da ya taka Sahel ba. Buɗe bayanan shi ya sa ɗalibi a Maradi zai iya sauke kundin gero kyauta, shi ne kuma ya sa mai jari zai iya cin riba da shi.

Ƙasashe sun daɗe suna muhawara a kan wannan. Yarjejeniyar hukumar FAO ta 2001 a kan irin shuka ta sa gero cikin amfanin gonar da ake musaya ƙarƙashin ƙa'ida guda. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce a raba amfani da ƙasar da aka ɗauko abu daga cikinta. Amma dukansu a kan iri na zahiri aka gina su. Sai a taron Cali na ƙasar Kolombiya a 2024 aka amince da kafa asusun da manyan kamfanoni masu amfani da bayanan gado za su riƙa zuba wani kaso, kuma ba a tilasta musu ba.

Hanya mafi tabbas ita ce yankin ya sami masanansa masu iya karanta bayanan. Akwai masu wannan aiki: cibiyar WACCI ta jami'ar Ghana, wadda tun 2007 take horar da masu samar da iri har da 'yan Nijar da Najeriya, cibiyar CERAAS a Thiès ta Senegal, cibiyar binciken noman ƙasashe masu fari ta jami'ar Bayero a Kano, tashar INRAN ta Tarna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maradi. Ɗalibin da ya iya lissafi da kwamfuta, ko a Tamanrasset yake karatu ko a Agadas, yana da ƙofar shiga wannan fage, domin rabin aikin yanzu a kan allon kwamfuta ake yinsa.

Irin gobe yana wata ƙasa

Binciken da ya fi shafar mazauna iyakoki ya fito a 2020. Bénédicte Rhoné da abokan aikinta suka karanta gadon ire-iren geron manoma 173 daga faɗin Sahel, suka gano yadda gadon kowane iri ya dace da yanayin garinsa. Sannan suka ɗora hasashen yanayin shekarar 2050 suka tambaya: a ina ne irin da ake shukawa yau zai daina dacewa da ƙasarsa, kuma a ina ake da irin da ya riga ya saba da yanayin da ke tafe?

Amsar ita ce irin ceto yana nan a hannun wasu manoma, amma da nisa. A matsakaici tazarar ta haura kilomita 1,000, kuma kimanin kashi 88 cikin ɗari na musayar da za a buƙata sai ta tsallaka iyakar ƙasa. Wato irin da zai ciyar da wani ƙauye nan da shekaru ashirin da biyar yana iya kasancewa yau a rumbun manomin wata ƙasa mai wani kuɗi da wata doka.

A takarda akwai tanadi. Tun 2008 ƙasashen Afirka ta Yamma ke da doka guda ta iri, wadda ta ce irin da aka yi wa rajista a ƙasa ɗaya ana iya sayar da shi a sauran. Sai dai dokar ta fi kula da irin da cibiyoyi suka fitar, ba na gargajiya ba. A ƙasa kuma mun ga yadda iyaka ke rufuwa: Najeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta Nijar da Najeriya bayan Yuli 2023, kuma gwamnatoci kan hana fitar da hatsi idan suka ji tsoron ƙarancin cimaka. Kowace gwamnati na da dalilinta. Abin da binciken ke nema shi ne a bambanta tirelar hatsin ci da ɗan buhun iri, a bar wa cibiyoyin bincike da ƙungiyoyin manoma hanyar musaya ko da siyasa ta yi tsami.

Hausawan da ke zaune a Aljeriya da Libiya da Chadi da Kamaru da Ghana da Sudan suna da abin yi a nan. Su ne ke da dangi a ɓangarori biyu na iyaka, su ne ke jin yaren kasuwa biyu. Wanda ya je gida da kaka zai iya tambayar tsofaffi sunayen ire-iren da ake shukawa da waɗanda aka daina, kwana nawa kowane ke yi, a wace irin ƙasa yake so, ya rubuta. Idan wani iri ya kusa ɓacewa, tashar INRAN mafi kusa ko rumbun ajiya na Sadore wuraren kai samfuri ne. Na'ura za ta iya karanta haruffa biliyan biyu cikin kwanaki, amma irin da ya ƙare a rumbun manomi na ƙarshe ba ta da abin da za ta karanta a kansa.